Ƙofa Ta Biyu a Tasharmu

Shekarar da fasinjojin iyakar Benin suka yi yawa, ni ke tsara layi a tashar motarmu ta Bagudo. Aka fasa katanga, aka ƙara ƙofa ta biyu. Kwana uku ina lura, kowa tsohuwar yake bi, ana turereniya. Abin ya ɗaure mini kai.

Na tambayi wata dattijuwa daga Kende, "Inna, sabuwar ƙaya gare ta?"

Ta ce, "Ɗana, mai shayin tsohuwar ƙofa ne ke shaida wanda ya riga zuwa. A sabuwar wa zai shaide ni? Sai a ba wani kujerata."

Washegari na sa aka mayar da teburin mai shayin tsakanin ƙofofin. Kafin hantsi layi ya rabu biyu.