Madugu a Bayan Surukinsa

Wata goma sha ɗaya a shekara, shi ba kowa ba ne illa mai gyaran takalma a bakin tasha, wanda ake jefa wa silifa ko sallama babu. Amma idan lokacin ziyara ya zo, aka kama hanyar kwana huɗu a ƙasa zuwa kabarin waliyyi, sai ya koma Madugu. Shi ke riƙe da sanda, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a yada zango, yau shekara goma sha tara. Yakan ce lada yake nema. Abin da ba ya faɗa shi ne daɗin da yake ji idan masu manyan shaguna suka rusuna suka ce masa ranka ya daɗe.

Akwai motar kaya da ke bin ayarin a baya tana kwasar waɗanda suka gaza. Ƙa'ida kuwa tsohuwa ce: madugun da ya hau ta ya rabu da sanda ke nan har abada.

A rana ta uku gwiwarsa ta kumbura kamar tulu. Tun hantsi yake jan ƙafa a kan tsakuwa, mutum saba'in na tafiyar hawainiya a bayansa, mata na tsaki ƙasa-ƙasa. Tela, mijin 'yarsa, wanda kowa ya san shi zai gaji sandar, ya manne masa kamar kaska.

"Sannu Baba. Ga ruwa, Baba. Kawo jakar in riƙe maka, Baba."

"Jakar kaɗai kake so?"

"Haba Baba! Lafiya uwar jiki. Ga mota nan, ka ɗan miƙe ƙafa kawai."

"Tun da na ba ka 'yata ban taɓa jin Baba uku a jere daga bakinka ba sai yau."

Wani mahauci ya ɗaga murya daga baya: "Madugu, a haka ai sai waliyyin ya gaji ya taso ya tarye mu!" Aka kwashe da dariya. Madugu ya ga Tela ya rufe tasa da tari.

Bayan azahar suka iso gindin wani tudu, ƙafar ta ce ba ta san zancen ba. Direba ya matso da mota, ya buɗe ƙofa. Tela ya dafa ƙirji, ya yi magana yadda na ƙarshen layi ma zai ji:

"Wallahi Baba, da ana yi, goya ka zan yi har can."

"Ana yi."

"Na'am?"

"Ka rantse a gaban jama'a. Durƙusa."

Tela ya waiga, ba wanda ya cece shi. Ya durƙusa. Madugu ya haye, ya maƙale masa wuya da hannu ɗaya, sanda a ɗayan.

"Allah ya isa, tsoho," in ji Tela ta cikin haƙora, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Taka a hankali, ɗana, akwai duwatsu."

A saman tudun hanya ta rabu biyu. Mahauci ya matso yana haki.

"Tela, dama ko hagu?"

"Hagu!" Madugu ya daka tsawa, ya nuna da sanda.

Ba wanda ya motsa, sai da Tela ya gyara goyonsa ya ɗaga ƙafa.