Bara'atu Mai Kofi da Kunyar 'Yar Fari

A Rigasa, in ka ce kana neman Hajiya Bara'atu matar Malam Garba, sai a tambaye ka wacce daga ciki. Amma in ka ce Bara'atu Mai Kofi, ko mai keke napep zai kai ka har ƙofar ƙaramin asibitin da take aiki, yana satar kallonka ta madubi. Sunan bai dame ta ba. Ita da bakinta takan ce wasu matan da gwala-gwalai aka san su, wasu da iya girki, ita kuwa Allah Ya ɗaukaka ta da wata 'yar roba da ba ta fi kofin shayin Buzaye girma ba.

A wani ƙauye bayan Zariya aka haife ta, a gidan da ko kalmar al'ada ba a furtawa, sai dai a ce wance ba ta salla. Ranar da ta fara gani, kakarta ta miƙo mata tsumma tana kallon gefe, ta ce, "Kin girma, ki kiyayi maza." Karatun ke nan gaba ɗayansa. Aure ne ya kawo ta Kaduna. Malam Garba, ma'aikacin gwamnati mai haƙuri da son rediyo, ya bar ta ta shiga makarantar koyon aikin lafiya tana goye da ɗanta na biyu, kuma tun daga nan take auna masu ciki tana yi musu faɗa.

Sista Comfort ce ta kawo mata kofin al'ada na farko, wato 'yar robar da mace ke sawa a jikinta ta tare jinin wata maimakon tsumma ko auduga. Abokiyar aikinta ce ta shekara da shekaru, 'yar Kafanchan da ke zaune a Mando, mace mai faɗin gaskiya ko da za a ɓata. Daga wani taron bita ta dawo da shi, ta dire mata a kan tebur. Bara'atu ta yi kwana uku tana kewaya shi kamar an ajiye mata kunama. Da ta yi ta maza ta ɗora shi a wuta don ta tafasa, sai maƙwabciya ta leƙo da labarin wani saki da aka yi a layinsu. Labarin ya yi daɗi, ruwa ya ƙone, kofi ya narke ya kama gindin tukunya. Ƙauri ya cika gida har Malam Garba ya fito da rediyonsa a hannu yana tambayar wane ne ke ƙona taya. Ta ce masa silifas ne ya faɗa murhu. Har yau bai tambaye ta yadda silifas ya hau kan risho ba.

Kofi na biyu ne ya zauna. Da ta ga ta wuni a wurin aiki ba ta waiwaya bayan zanenta ko sau ɗaya ba, sai ta zama kamar wadda aka ba wa saƙo ta isar. Duk ranar Talata, ranar awo, takan tsaya gaban matan da ke jere a benci, da kofi a hannu ɗaya da 'yar tukunyarta shuɗiya a ɗaya hannun.

"Wannan tukunyar ba ta miya ba ce, kar in ji an dafa wa maigida indomi a ciki," in ji ta, mata su kwashe da dariya. "Kafin ki fara, ki tafasa shi minti biyar zuwa goma, ruwa ya sha kansa, kuma ki tsaya a kai, kar ki tafi jin gulma irina. Ki wanke hannu kafin ki taɓa shi. Ki naɗe bakinsa haka. Kar ya wuce awa goma sha biyu a jikinki ba ki zubar kin ɗauraye ba. Kun ga ƙananan hujojin nan na bakinsa? Su ma a wanke su. In an gama, a sake tafasawa, ya bushe, a sa shi a jakar yadi inda zai sha iska."

Ba abin da bakinta ba ya iya faɗi. Matan da suka haifi tara sukan rufe fuska da mayafi saboda maganarta, ita ko a jikinta.

Sai dai gwanar nan ta Rigasa tana da mutum ɗaya a duniya da ba ta iya haɗa ido da ita: Rahmatu, 'yarta ta fari. Kunyar ɗan fari ta taho da ita daga ƙauye cikin kayan aurenta, kuma duk takardun shaidar da ta tara ba su kankare ta ba. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa kiran sunan yarinyar a gabanta ba. Sai dai "ke", ko "yarinyar nan". In aka kawo mai suna Rahmatu awo, sai ta miƙa wa Comfort katin ta ce ta kira. Yarinyar ta tashi tana ce mata Anti, kamar yadda 'yan unguwa ke cewa. Comfort ta sha yi mata tsiya a kan haka, ita kuma ta ce, "Bar ni, Sista. Ni boko a ka ya tsaya mini, bai sauko ƙirji ba."

Da aka tashi auren Rahmatu da wani malamin makaranta mai suna Yusha'u, Bara'atu ta sayo mata kofi mafi kyau. Amma da ta dubi kwalin, ta ga zanen da ke nuna yadda ake sawa, sai kunya ta rufe ta. Zanen da take ɗagawa sama kowace Talata! Ta yayyaga kwalin da takardar bayanin da ke ciki, ta ƙulle kofin a hankici, ta cusa shi can ƙasan akwati tsakanin turamen atamfa. Aka kai amarya Abakpa. Ta koma gida tana yaba wa kanta, wai ta sauke nauyi.

Bayan wata biyar, wata Litinin da hantsi, Comfort ta shigo ofis ta rufe ƙofa, ta zazzage wani abu daga baƙar leda a kan tebur. Kofi ne, amma ya koɗe, ya yi danƙo, bakinsa ya fara tsagewa. Ƙamshi kuwa ya cika ɗakin kamar an buɗe ɗakin amarya.

"Me zan gani haka?" in ji Bara'atu.

"Wata ce ta kawo min gida jiya bayan coci," in ji Comfort. "A bilic na wankin farin kaya take jiƙa shi ya kwana. In ya bushe ta shafe shi da miski, ta turara shi da turaren wuta, ta rufe a robar man shafawa. Wata uku ke nan tana fama da ƙaiƙayi da zafi. Ta ɗauka ciwon sanyi ne, ta sha jiƙe-jiƙe har ta gaji. Yanzu ta fara zargin mijinta, ko magana ba sa yi sosai."

Bara'atu ta tafa hannu, ta gyara zama. Irin wannan labarin ne abincinta.

"Turare! A kofi! Sai ka ce zanen gado? Wai ni 'yan matan yanzu da me suke tunani? Ita wannan ba ta da uwa ne?"

"Tana da ita," in ji Comfort. "Ga ta nan zaune tana tambaya."

Bara'atu ta dubi kofin da kyau, sai ta gane launinsa.

"Na duba ta, na ba ta magani, za ta warke," Comfort ta ci gaba. "Na tambaye ta ko in gaya miki. Ta ce in gaya miki, in za ki iya ji. Hajiya, yarinyar nan ta tsallake asibitin uwarta ta zo har Mando. Ni na yi nawa. Saura naki."

Bara'atu ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba, kuma ba irin ta ƙauye mai kwarjini ba ce. Wannan mai ɗaci ce. Ta koya wa rabin Rigasa, ta bar 'yar cikinta da irin karatun da kakarta ta yi mata, har ma gara kakar, ita ta ce wani abu.

Da aka tashi daga aiki ta sayi sabon kofi, da kwalinsa da komai, ta sa tukunyarta shuɗiya a jaka, ta tari keke zuwa Abakpa. Duk hanya tana bitar abin da za ta ce, kamar ɗalibar da za ta shiga jarrabawa.

Ta tarar Yusha'u bai dawo ba. Rahmatu ta shimfiɗa mata darduma, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe ta. Ta rame. Bara'atu ta amsa tana kallon labule, sannan ta tashi ta wuce kicin, ta cika tukunya da ruwa ta ɗora a kan gas. Rahmatu ta biyo ta, ta jingina da ƙofa.

Bara'atu ta yi gyaran murya, ta fuskanci tukunya.

"A gaya wa mai ɗakin nan, ba a sa masa bilic. Ba a sa masa turare kowane iri. Ruwa mai tsabta ya isa, in za a sa sabulu, marar ƙamshi."

"Mai ɗakin ta ji," in ji Rahmatu.

"A kuma gaya mata mijinta ba shi da laifi. Turaren ne ya ƙone ta."

"Ta ji wannan ma. Sista Comfort ta faɗa mata." Rahmatu ta ɗago kai. "Anti, tun ina sakandare ƙawayena ke ba ni labarin abin da kike koya wa yayyensu. A bakinsu nake jin maganarki. Da na ga abin nan a akwati na yi murna, na ce yau dai kin tuna da ni. Na yi ta juya hankicin ko akwai 'yar takarda. Shi ya sa nake turara shi. Ke kika ba ni, ban so ya lalace."

Ruwa ya fara ƙananan ƙwayaye a gindin tukunya. Bara'atu ta ga in ta ci gaba da yi wa tukunya wa'azi, to tukunya ce za ta fi kowa ilimi a gidan nan. Ta juyo. Da ƙyar sunan ya fito.

"Rahmatu. Matso ki gani."

Rahmatu ta tsaya sororo. Sai ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Ashe kin san sunan?"

"Shekara ashirin da shida ina faɗinsa kullum a sujada," in ji Bara'atu. "Ke ce dai ban bari kin ji ba."

Ta kamo hannun 'yarta ta kai shi bakin famfo, ta ce a fara da wanke hannu. Ta buɗe kwalin, ta warware takardar mai zanen nan, ta shimfiɗa ta a tsakaninsu, kunnuwanta na zafi. Ta nuna mata hujojin, ta nuna mata naɗin, sannan ta bar ta ta saka kofin a ruwa da hannunta.

"Minti nawa, Anti?"

"Bakwai ya isa. Kuma ki tsaya a kansa, Rahmatu. Ina da wani labarin silifas da zan ba ki, amma sai mun sauke."