Rijiyar da ke shafi na uku

Ina cikin cunkoson hanyar Lugbe da safen nan wayata ta yi ƙara. Malam Tukur ne, dattijon da ke aiko mana rahoton hukumar ruwan sha ta jiharsu.

Na ɗauka godiya zai yi, tunda ofishinmu ya rage wa hukumomin jihohi wahala. Rahoton wata-wata ya koma sau ɗaya a shekara.

"Oga, to maganar rijiyar nan fa, a ina zan riƙa rubuta ta yanzu?"

"Wace rijiya, Baba?"

Ya ce, "Ta asibitin ƙauyen nan da ta rufta. Masu haihuwa daga rafi ake ɗebo musu ruwa. Ai duk wata ina sa ta a shafi na uku."

"An taɓa ba ka amsa?"

"A'a. Amma dai ina samun inda zan faɗa."

Ina isa ofis na sa aka buɗe mini ɗakin ajiya, na zaro rahotanninsa ɗaya bayan ɗaya. Ga maganar nan kowane wata, har da layin jan biro a ƙasanta. A bangon kowanne kuwa ga hatimin "An duba", ga sa hannuna tsaf.

Kunya ta kama ni, na kwashe su na kai wa darakta da kaina. Ya ce in rubuto masa rahoto a kai.

Jama'a, rahoton ne ya yi yawa, ko masu karantawa ne babu? Ku faɗi gaskiya, wallahi zan karanta.