Kwana Uku Sunansa Ya Yi A Littafin

Shekarun baya, za a yi bakwai ko takwas, ban daɗe da zuwa garin Greensboro a nan ƙasar Turawa ba, na yi wa wata baiwar Allah alƙawarin abin da ba ya hannuna. Yau na ce wa jikata ta ɗauki waya, ni in faɗa ita ta rubuta muku, don ni ban taɓa zama a aji ba, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Abin da ke kaina ya ishe ni.

Ɗana ne ya ɗauko ni bayan rasuwar mahaifinsa. Gidansa na gabashin gari, kusa da jami'a. Da safe kowa sai ya shiga mota, shi wurin aiki, matarsa asibiti, jikata makaranta. Ni da mata ke cika tsakar gidana don jin labari, na koma ina yi wa firji magana. Ka leƙa titi babu mai tafiya a ƙasa, sai motoci da kurege.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce baƙar fata 'yar ƙasar nan, ita ma mijinta ya rasu. Kullum bayan azahar takan fito baranda ta kunna garmaho. Ba na jin Turanci, ba ta jin Hausa. Miyar kuɓewa ce ta haɗa mu. Na kai mata rannan, ta buɗe kwano ta yi ihu kamar ta ga ɗan'uwanta, washegari ta kawo mini burodin masara. Daga nan ta ajiye mini kujera. In zauna, ta sa faifai, in tashi in yi la'asar in dawo.

Sai da na yi wajen wata guda sannan kunnena ya gane abin da ake ciki. Faifan daban-daban ne, amma waƙar ɗaya ce. Yau mace ta ja ta a hankali kamar mai makoki, gobe namiji ya yi ta da sauri kamar ana korarsa, jibi babu murya sam, sai abin busa. Na ce ai wannan na san shi. Haka muke yi da waƙar niƙa, wadda na karɓa a bakin gwaggona ba haka ƙanwata take yinta ba, kuma duk ita ce. Faifai ɗaya ne take gogewa da gefen rigarta kafin ta sa. A bangonsa akwai hoton wani dogo riƙe da abin busa mai lanƙwasa, ni dai algaitarsu nake ce masa. Ta nuna hoton, ta nuna zoben hannunta. Mijinta ne.

Na ba jikata labari. Ta ce, "Kaka, ai jaz ne wannan. Waƙar nan ɗaruruwan mutane sun yi ta a faifai. Kin san ma shafinta muke gyarawa yanzu?"

Ashe akwai wani babban littafin sani a intanet wanda mutane ke taruwa suna rubutawa, kuma tana cikinsu. Ta ce shafin waƙar ya yi tsawo har ba ya karantuwa, kowa ya zo sai ya ƙara sunan mawaƙin da yake so, shi ne suke shawarar wa za a bari, wa za a cire.

Ni abu ɗaya kawai na ji: jikata ce ke rubuta littafin duniya. Kaina ya yi girma. A wurinmu idan zabiya ta tashi jera sunaye a biki, tsallake mutum cin fuska ne, sai a shekara ana maganar. Na ja jikata har barandar maƙwabciyata, na ce, "Faɗa mata da Turanci, sunan mijinta zai shiga littafin. Ki ce ni na ce."

"Kaka, ba haka ake yi ba fa. Akwai doka. Sai wanda jarida ko littafi ya yi magana a kansa."

"Ga faifai a hannunki kina neman jarida? Kunnenki ya toshe ne? Faɗa mata."

Ta faɗa mata, tana hararata. Da muka koma gida na tsaya a kanta har ta sa sunan. Washegari muka nuna wa maƙwabciyata a waya. Ta sa tabarau, ta bi layin da yatsa, sunan mijinta a ƙarƙashin na manyan da take sa mana kullum. Ta yi kuka, ta rungume ni, ta kira matan cocinsu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ina zaune na harɗe ƙafa kamar ni na haifi intanet ɗin.

Kwana uku sunan ya yi. A na huɗu wani da ba mu san ko a wace ƙasa yake ba ya goge shi, ya rubuta cewa babu madogara. Na ce wa jikata ta mayar. Ta ƙi. Ta ce sun gama shawara: za a fara da wanda ya tsara waƙar, sannan 'yan kaɗan da aka rubuta tarihin faifansu, shi ke nan. Har ta ce ita ma da bakinta ta yarda da hakan.

"Ke ma? Da ke aka tsallake shi?"

"Kaka, in an sa shi, sai an sa kowa. Mijinta a ƙananan wurare ya yi busa, faifansa 'yan kaɗan aka buga. Na duba laburare, babu inda aka ambace shi."

"To matarsa da ta zauna da shi shekara da shekaru ba shaida ba ce?"

"Shaida ce a wurinki. Su ba su san ta ba."

Na ce Allah ya kyauta wa littafin da ya fi yarda da takarda a kan mutum. Na shige ɗaki.

Abin da na yi bayan nan shi ne ban so in faɗa muku ba. Ɓuya na yi. Ni da ban taɓa sunkuyar da kai gaban kowa ba, na kasa taka matakala uku na barandar tsohuwa. Kwana tara. Bayan azahar sai in ji waƙar ta ratso bango, in ɗaga labule kaɗan, in ga ta goge kujerata ta zauna a tata. Rana ta biyar ta ƙwanƙwasa ƙofa, na yi shiru kamar babu kowa. Da na buɗe daga baya na tarar da burodin masara a naɗe. Ban taɓa jin ƙasar nan ta yi mini faɗi kamar kwanakin nan ba. Ɗana ya tambaye ni ko jikina ne, na ce ƙafa ce.

Rana ta goma jikata ta ce, "Tsohuwa, tashi. Ni ban iya zaman makokin nan ba." Na ɗauki mayafi muka je. Tun a hanya nake shirya jawabi, irin wanda na iya. Ina isa ban kai ga buɗe baki ba matar ta hau ni da faɗa, hannu a ƙugu. Na ce wa jikata me take cewa.

"Ta ce ta san an goge tun ranar, don kullum da safe sai ta duba. Ta ce ta yi fushi na yini ɗaya. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana jin waƙar nan ita kaɗai kafin ki zo, littafi bai taɓa zama a kujerar nan ba. Wai ina kika shiga?"

Na ja kujerata. Na zauna kawai. Ta goge faifan da gefen riga ta sa. Da algaitar ta kai inda take yin ƙasa, ban san lokacin da na bi ta da murya ba, irin yadda gwaggona ke ja idan dutsen niƙa ya yi nauyi. Ta dube ni, ta ɗaga yatsa, ta ce wani abu. Jikata ta ce, "Wai an ƙara samun wata da ba za ta shiga littafin ba." Muka yi dariya har da hawaye.

Ban dai bar jikata ta huta ba. Na ce in ba za a kira suna ba, a faɗi cewa akwai waɗanda ba a kira ba, haka zabiya mai mutunci ke yi idan lokaci ya ƙure. Ta koma laburare ta samo wani littafi da ya ce an yi ta busa waƙar a ƙananan wurare a garuruwan kudu. Da shi ta kafa hujja, suka yarda aka ƙara layi ɗaya a ƙarshen shafin: ban da waɗannan, mutane da yawa sun yi ta waɗanda ba a rubuta sunansu ba. Ta ce har yau layin na nan.

Bayan shekara biyu ɗan matar ya zo ya tafi da ita wata jiha, can ta rasu. Ranar tafiya ta danƙa mini faifan. Ba ni da garmaho, yana cikin akwatina tsakanin zannuwa. Yanzu wasu samari ne a gidan, ba sa fitowa baranda.

Har gobe ina ganin an tsallake mutumin nan, ban janye ba. Amma na daina yin alƙawari da hannun wani, kuma na san kwana taran da na ɓuya sun fi gogewar yi mata ciwo. Wani lokaci nakan ce wa jikata tun da safe ta bar mini shafin a buɗe a waya, sai bayan azahar, idan gida ya yi tsit, in ɗauka. Ba na iya karantawa, amma na san layin, shi ne na can ƙasa. Sai in ɗora yatsa a kansa in ja waƙar. Mu uku ne a wurin: ni da maƙwabciyata da mijinta.