Muryar Baba a Ƙarƙashin Ganguna

Shekara goma sha tara ke nan yayana yana zaune a ɗaki mara taga, bangonsa duk an manna masa soso, yana haɗa wa mawaƙa sauti. 'Yan situdiyo Kunne suke ce masa. A gida kuwa sai ka kira shi sau uku kafin ya waiwayo, da alama a wurin aiki yake barin kunnen.

Gwanintarsa muryar maza ce. Mawaƙi zai shigo yana kumfar baki, wai kiɗa ya danne shi, a ƙara masa murya. Yaya ba ya ƙarawa. Yakan ce muryar namiji a ƙasa take zaune, wuri ɗaya da jitar bes mai kaurin sauti da babbar ganga, kamar ƙarti uku a kan benci guda. Sai ya ɗan rage wa bes kauri, ya matsar da piyano gefe, ya sa kiɗan ya riƙa sunkuyawa duk sanda mawaƙin ya buɗe baki. Daga nan ya bi waƙar yana yanke tari da jan numfashi ɗaya bayan ɗaya.

Babanmu direban babbar mota ne, amma da ƙuruciya ya taɓa waƙa da wata ƙungiya. Kaset ɗaya tal ya bari. Shekara shida da rasuwarsa Mama ta ciro shi daga ƙasan akwatinta, ta miƙa wa Yaya.

"Na fara manta muryarsa," ta ce. "Fuskar tana nan, muryar ce take guje mini. A nan ciki kuma ganguna kawai nake ji. Fito mini da shi."

A kaset komai a cuɗe yake. In Yaya ya rage ganga, sai kaurin muryar Baba ya bi ta, ta koma siririya kamar ta wani baƙo. Sati uku yana fama. In na kai masa abinci sai in tarar da na jiya ko buɗewa bai yi ba. Ba na daɗewa a ɗakin, saboda kewar Baba.

Ran wata Asabar da hantsi ya kawo aikin, ya sa wa Mama abin ji a kunne. Murya ta fito tas, ni da nake jiyowa daga gefe har na yi hawaye. Mama ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan cinya, sannan ta cire.

"Sannu da aiki. Allah ya yi maka albarka. Amma ina tarin?"

"Wane tari, Mama?"

"Kafin ya fara magana sai ya yi ɗan tari sau biyu, ya ja numfashi. Haka yake yi a bakin ƙofa in ya dawo daga tafiya. Da shi nake sanin ya iso."

Yaya bai ma san ya yanke ba, hannu ne ya saba. Ko takalmi bai saka daidai ba ya koma situdiyo, ya lalubo abin da ya fara kwafa daga kaset, ya mayar da tarin inda yake.

Yanzu waƙar tana cikin wayar Mama. Minti biyar ce, amma ban taɓa jin ta bar ta ta kai tsakiya ba. Tarin yana wucewa sai ta mayar baya. Wani lokaci daga kicin nakan jiyo ta tana amsawa ƙasa-ƙasa: "Sannu da zuwa."