Zakaran da Ya Shiga Tsakanina da Yayana

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuni, ina kan keken ɗinki wayata ta yi ƙara. Matarka ce. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Yayanki ya cika." Kwananka huɗu a kwance. Ni kuwa, ƙanwarka uwa ɗaya uba ɗaya, rabon da in yi maka magana kwana ashirin da uku ke nan. Na ƙirga su, Yaya, har yanzu ƙirga su nake yi.

Shekara talatin ka yi a ofishin kula da lafiyar dabbobi, ka yi ritaya, amma labarin ritayar bai taɓa isowa unguwa ba. Malamin Kaji suke ce maka. Mata su zo da kaza a hammata, idonta ya kumbura, tana buɗe baki tana jan numfashi da ƙyar, su ce a ba su magani. Kai kuwa ba ka gaggawar magani. Sai ka kara ƙirjinta a kunnenka ka rufe ido, ka saurari ƙarar majinar da ke maƙogwaronta. Daga nan ka ce a kai ka akurkin. Da tsufanka da ciwon gwiwarka za ka durƙusa, ka kai hancinka daidai tsayin kaza ka shaƙa. Ka ce in warin kashi ya sa idonka yaji, to abin da suke shaƙa ke nan dare da rana.

Ba na manta ranar da ka je gidan maƙwabciyata mai kitso. Ta naɗe akurkinta da leda ruf, wai kada sanyi ya kama su. Ka zaro wuƙa ka yanka tagogi biyu a sama, tana salati tana cewa ka kashe ta. Ka sa aka kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗar aka zuba busasshen garin katako, ka ware marasa lafiyan a kwando, ka goge musu ido da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ɗaya bayan ɗaya. Kafin mako ya zagayo ita ce mai ba da labarinka a layi.

Da mijina ya rasu, ba ka cika ni da dogon wa'azi ba. Kaji biyar ka kawo mini, ka kafa akurki da hannunka, ka ce in sami abin da zai riƙa tashina da safe. Su ne suka zama ashirin da biyu. Sharaɗi ɗaya ka kafa mini: duk kazar da ta fito daga kasuwa, a tsare ta ita kaɗai mako biyu kafin ta ga na gida.

To, ka san hali. Ba a banza kake kirana Barkono ba tun ina ƙarama. Na ga wani jan zakara a kasuwa, ƙato, sai sheƙi yake yi. Na ce wannan ai lafiyarsa ta fi tawa, mako biyun me? Na sake shi cikin kajina a ranar. Kwana uku aka fara atishawa. Kunya ta hana ni kiranka. Na fasa kafso na mutane na zuba musu a ruwa, yau na ba su, gobe na ga sun ɗan warware na daina. Sai da shida suka mutu mai kitso ta kai maka labari.

Ka zo, ka duba, ka ga zakaran, ba sai an yi maka bayani ba. A gaban mata biyu da suka kawo ɗinki ka ce mini, "Ba mura ce ta kashe su ba, taurin kanki ne." Gaskiya ka faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na ce, "Kajin nan dai nawa ne, ko kyautar ma biyo ta ake yi?" Wayyo bakina! Ka dube ni, ka karkaɗe gwiwar wandonka, ka fita. Ko ruwa ban ba ka ba.

Washegari matarka ta zo da ƙullin magani da takarda da rubutunka. Ka rubuta yawan garin maganin da za a zuba a kowace litar ruwa, kwana biyar cur ko da sun warke, a wanke mazubin ruwa kullum, a raba masu tari da masu lafiya, kada a ci ƙwansu sai mako guda bayan an gama maganin. A ƙasa ka ƙara cewa in sa waɗanda suka fi jin jiki inda rana ke taɓawa. Na karɓa fuskata a ɗaure, ko a gaishe shi ban ce ba. Amma wallahi babu layin da na tsallake. Mutuwar ta ci gaba kwana biyu, sannan ta tsaya. Na so in zo in gaya maka, girman kai ya ce in bari sai ka fara nemana.

Da aka ce ba ka da lafiya, na ce hawan jinin nan ne da ka saba. Na ce gobe. Goben ta zo na ce sai na gama ɗinkin da ke gabana. Ban san me zan ce wa Allah a kan wannan ba, kuma baƙin cikinsa ya fi ƙarfina.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa tausayin da ka nuna wa halittun da ba su da bakin godiya ya zama haske a gare ka. Ga matarka, da 'ya'yanka, da matan unguwa da ba su san wanda za su kai wa kaza ba yanzu, Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Bayan masu ta'aziyya sun watse na ja matarka gefe, na tambaye ta ko ka ce ka yafe mini. Ba ta iya yi mini ƙarya ba. Ta ce ba ka tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Abin da dai ta sani, ranar Litinin da ka ɗan sami sauƙi ka tambaye ta, "Kajin Barkono nawa suka rage?" Ta ce ba ta sani ba, sai ka ce in na zo zan faɗa maka da kaina.

Goma sha ɗaya ne, Yaya. Duk sun warke, biyu ma sun koma ƙwai. Ka yafe mini.