Shinkafar Miao

Shekara talatin Duan Suyun ta yi tana sayar da gyaɗa da barkono a kasuwar ƙauyensu a Hunan, kuma ba wanda ya taɓa tashi daga gabanta ba gyara. Hannunta ne haka. Ta taso lokacin da shinkafa ke wuyar gani, shi ya sa gaisuwarta ɗaya ce: "An ci abinci?"

To wannan matar ce aka miƙa wa ɗan sikeli, aka ce ta riƙa auna wa jikarta Miao abinci. Yarinyar na da shekara goma sha ɗaya ciwon suga ya kama ta, irin na allura. Iyayenta suna aikin masana'anta a Dongguan, sai Sabuwar Shekara ake ganinsu. Uwar, Hongmei, ta faɗa a waya ba ɓoye-ɓoye: "Mama, in suganta bai sauka ba zan ɗauke ta. Ba faɗa ba ne."

Kaka ta koyi komai da tsufanta: huda yatsa, allura sau huɗu, alewa a aljihu saboda ranar da suga zai faɗi. Ta gaji, gajiyar da kwanciya ba ta magani. An gaya mata allurar daidai awon shinkafar take. Amma in ta auna ta dubi kwanon, sai ta ga kamar abincin kaza, cokali ya sake komawa tukunya.

"Kaka, na gan ki."

"Kin ga me? Ƙanzo ne, ƙanzo ba shinkafa ba ne. Ci, kin koma kamar tsinke."

Duk wata uku sukan hau bas zuwa asibitin gunduma a gwada jini, likita ya dubi takarda ya ce tara da rabi, alhali bakwai ake nema. Kaka ta ɗora wa mai shagon bakin makaranta laifi, ta ɗora wa zafin gari, har sikelin ta zaga.

Da dogon hutu ya zo, Miao ta yi wata biyu a wurin iyayenta. Sati guda da dawowarta suka je gwaji. Bakwai da rabi.

"Goggo, me kuka canza?" in ji likita, yana murmushi.

Miao ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Suka hau bas suka kama hanyar gida. Kaka ta daɗe da sanin cewa laifin hannunta ne, yau dai aka rubuta mata a takarda, kuma abin ya yi mata ciwo.

Da suka isa gida ta kira surukarta.

"Hongmei, ki nema mata makaranta a can."

"Haba Mama, ai ya sauka. Ta ci gaba da zama wurinki, wa zai taya ki hira?"

"A wurinki ya sauka," in ji Kaka.